Malafar Ige, Wadda Ba a Rufe wa Baki

Ku samarin da ka zama bakin rumfata ranar kasuwar Goronyo, kuna latsa waya kuna yi mini dariya, ga amsarku na rubuta, tunda in na buɗe baki ba ku bari in kai ƙarshe. Ku yi haƙuri da rubutun. Bokona na ajin yaƙi da jahilci ne, shi ma rabinshi na yi shi ne ina gyangyaɗi bayan wani mai faɗin baya. In kun ga harafi ya kwanta, ku tashe shi.

Na san abin da kuke wa dariya. Malafar can ce da ke rataye bisa ƙusa, wadda kaba tat tsaya mata tsaye a baki awa ƙayar bushiya. Kun ce tun kuna zuwa kasuwa da gajeren wando take nan, Baba Da-saura ya tsufa bai gama malafa guda ba. Sunan ban yi gardamarshi ba. Tun ina da baƙin gemu, duk wanda yaz zo karɓar aikinshi sai in ce mishi da saura, har sunan yanka ya ɓace mini. Amma waccan malafa ba lalaci ya bar ta haka ba.

Kuna ganin saƙar malafa zama ne cikin inuwa ana wasa da ganye. A ƙauyen Sisawa nik koye ta, wurin Kawu Nomau, ƙanen innata, mutumin da ba a ganin haƙoranshi sai in shina shan rake. Rani guda cur bai bari na taɓa saƙa ba, sai tsagar kaba. Kabar ƙaramar goruba ake yankowa, a shanya ta cikin inuwa, don in rana tad dake ta sai ta yi gautsi. A tsaga ta da akaifar babban yatsa, shi ya sa kunka ga tawa ta yi kauri awa ƙahon rago. Ba ƙazanta ba ce, kayan aiki ne. A jiƙa ta cikin kasko. Sauran kayan ba su da yawa: 'yar wuƙa, basilla, da jan rini na karan dafi. Daga cibiya ake farawa, can tsakar kai, a gangaro ƙoƙo, a buɗe faɗi, sannan a rufe baki. In na gama, Kawu shi ɗaga ta saitin rana, shi shimfiɗa tafin hannu ƙarƙashi. Ɗigon haske guda in ya faɗo mishi, sai shi kifa mini ita a kai, shi ce in zagaya gari mutane su ga rariyar da nis saƙa.

Abu biyu nig gada wurinshi. Na farko alama: zaren kaba ja guda da nike ɓoyewa cikin cibiya, ko cikin malafa ɗari na san tawa. Na biyu awo. Duk wanda yaz zo, sai in zagaya mishi kai da tsagin kaba, in ƙulle, in rataye. Ba ni rubuta suna. Ƙullin kowa daban ne, kuma kowane ƙauye da ƙusarshi.

Shi wanga awo ba don ciniki kaɗai ake aje shi ba. Malafa ba ta nutsewa. Mai ita na iya nutsewa, ita kuwa sai ta bi Gulbin Rima tana juyawa har ta maƙale cikin komar kamun kifi. Masunta in sun tsince ta ba su kai ta gidan kowa, wurin masaƙi suke kawo ta. In duba cibiya, in na ga jan zarena, sai in bi awo ɗaya bayan ɗaya ina zagawa cikin ƙoƙon. Wanda yaz zauna daidai, mai shi ne. Ni ka faɗin suna, Sarkin Ruwa ka kai labari gida. Kawu bai gaya mini wanga sashe na sana'ar ba sai da nis shiga ciki.

Shekarar da ruwa yac ci fadama na san shi da kyau. Albasa ta ruɓe ƙarƙashin ruwa, shinkafa ta kwanta, ba wanda ka tunanin inuwar kanshi. Ban sayar da abin kirki ba har kaka, sai da nik koma saƙar faifai awa tsohuwa. Amma malafa kam ta yi ta zo mini, jiƙaƙƙa, cikin hannun Sarkin Ruwa. Har yak kai in na hango shi tafe da abu ƙarƙashin hammata, mutane su watse daga rumfata. Wasu sunka zo sunka ce in ba su awonsu su tafi da shi, ba su son kansu na rataye nan.

Aikin da nike son ba ku labari ya zo ne bayan wannan, da rana tsaka, lokacin dashen albasa. Mace ce, sunanta Ige, daga wata tunga ƙetaren gulbi. Mijinta ya rasu, tana zaune gidan wanta Bawa, tana sayar da irin albasa. Duk kasuwa an san ta da abu guda: ba ta mance mutum. In ka sayi iri wurinta sau ɗaya, baɗi za ta kira sunanka, ta tambayi ɗanka mai tari, ta gaya maka wace kusurwa ta gonarka ka riƙe ruwa.

Tat tsaya gabana ta lulluɓe fuska da gyale. Da taj janye shi, nig ga kumatunta biyu da karan hanci sun yi duhu-duhu ja, awa malam-buɗe-littafi ya sauka ya buɗe fiffike.

Tac ce, "Baba, malafa nika so, mai faɗi ƙwarai. Rana ta fara cina."

Nic ce, "Ige, rana ta ci mu duka, dubi yadda tab bar ni."

Tac ce, "Kai ai ta tauna ka ta tofar. Ni yanzu ta fara."

Niy yi mata awo bisa kallabi, nis saƙa mata wadda faɗinta ya kai kafaɗa. Ba a jima ba tad dawo, tat tsaya daidai inda tat tsaya, taj janye gyale, tac ce, "Baba, malafa nika so, mai faɗi ƙwarai. Rana ta fara cina." Kalma bisa kalma. Nic ce cikin raina halan sari take yi wa matan tunga, kasuwa ta buɗe mini. Nis sake awo, nis sake saƙa. Haka munka yi ta yi. Ban lura da komi ba sai wata rana da nij jera awonta bisa ƙusa. Kowane ya fi na gabanshi gajarta. Kan babban mutum ba shi raguwa. Gashi ne ka zubewa ƙarƙashin kallabin.

Ran nan ina jiƙa kaba da la'asar, sai ga Sarkin Ruwa da abu ƙarƙashin hammata.

Nic ce, "Mai ƙarnin kifi, yau kuma wa kak kawo mini?"

Yac ce, "Tsohon banza, duba dai. Cikin komata nis same ta."

Jan zare na nan cikin cibiya. Faɗin kaɗai ya isa, amma sai da nig gwada awo. Nic ce, "Ta Ige ta."

Kun san kasuwa. Kafin mu kai bakin gulbi mu shiga kwale-kwale, labari ya riga mu ƙetarewa. Munka tarar an shimfiɗa tabarmi ƙofar gida, maza sun yi jugum, Bawa ya dawo daga gona da laka har gwiwa. Tun safe ba wanda yag gan ta. Masunta sun shiga ruwa da gora suna lalube. Daga cikin gida kukan mata ka tashi.

Sai kukan yat tsaya. Ba raguwa yay yi ba, tsayawa yay yi gaba ɗaya, awa an rufe tulu. Sannan mata sunka fito da gudu, wata ba zane ɗaya, wata ta bar takalmi. Bawa yash shiga, nib bi shi, don ni tsoro ba shi hana ni kallo.

Ige na zaune tsakiyar tabarmar makoki, ta harɗe hannuwa. Ashe cikin rumfar aje albasa taw wuni, inda rana ba ta shiga. Da taj ji kuka sai taf fito, taz zauna cikin mata, ta yi ta kuka tare da su, sannan tat taɓa ta kusa da ita tac ce wa yar rasu.

Bawa yac ce, "Ige! Ke anka ce. Malafarki anka tsinta gulbi."

Tad dube shi, tad dube ni, tad dubi tafin hannunta, gaba da baya.

Tac ce, "Ni ta? To yaushe? Yaya, na san akwai abin da nit tashi da niyyar yi da safe. Na mance ko na yi shi."

Ba wanda yay yi dariya. Ta ƙofar ɗakinta nih hango malafuna rataye jikin bango, sun zagaye ɗakin, kowace ta kifa fuska awa mutane sun juya baya suna jira.

Daga nan tunga tac ce iska ne. Anka yi hayaƙi, anka yi rubutu, anka kai ta garin Rara wurin wani mai magani. Matan da ka sayen iri wurinta sunka koma wurin wata. Malafa kuwa ba ta daina zuwa ba. Sarkin Ruwa shi kawo, in duba, in ce ta Ige ta, amma yanzu ba mu faɗa wa kowa sai an aika an leƙa. Har Sarkin Ruwa yag gaji, yaɓ ɓuya cikin ciyawar bakin gulbi don shi ga yadda abin ka faruwa.

Yac ce mini, "Da-saura, ba iska ka ɗauke mata ita ba. Da rana tsaka take zuwa, sa'ad da ba kowa. Ta tuɓe takalmi ta jera su. Ta ɗora malafa bisa ruwa a hankali, awa mai kwantar da jinjiri. Ta tsaya tana kallo har ta ɓace. Sannan ta shiga, ruwa har ƙwauri. Sai ta tsaya, ta waiga dama da hagu, awa wanda yash shiga ɗaki yam mance abin da yaz zo ɗauka. Ta fito, ta sa takalmi, ta koma gida."

Nic ce, "To mi kag gane?"

Yac ce, "Mantuwa ka fid da ita, tsoho. Ran da tat tuna abin da yak kai ta, ba malafa kaɗai za ni kawo maka ba."

Kasuwa ta gaba Ige taz zo da kanta. Yatsunta sun kumbura, da ƙyar take riƙe bakin gyale. Taz zauna bisa turmin da nike ba baƙi.

Tac ce, "Baba, ka taɓa jin kanka awa an zuba mishi kunu ya daskare? Jiya na tsaya gaban murhu da tukunya, ban san ɗorawa za ni yi ko saukewa ba. Sunan uwata na nema, sai da la'asar yaz zo mini. Abinci ba ɗanɗano, barci ba hutu. Mutum in ya mance kowa, mi yar rage nai?"

Nic ce, "Ni da nike tune da kowa, mi nit tara?"

Ba ta yi murmushi ba. Tad dubi awon da ke rataye, tac ce, "Malafa ba ta nutsewa. Na lura."

Da tat tashi, nir rufe rumfa nib bi bayanta har ƙetare, nig gaya wa Bawa komi, har zancen takalmi. Yac ce wani ma'aikacin ƙaramin asibiti ya taɓa ce mishi tabon fuskar nan da ciwon gaɓɓai ba na nan ba ne, a kai ta babban asibiti cikin Sakkwato. Yas sayar da tumakinshi, sunka tafi.

Abin da yad dawo da shi ga shi, yadda kaina yaɗ ɗauka. Ciwon sunanshi lufus. Dakarun da Allah yas sa cikin jini don su kori cuta, su ne ka ruɗewa su juyo kan mai gida: fata, gaɓɓai, gashi, wani lokaci har tunani. Ba a ɗaukarshi wurin wani, ba shi warkewa kwata-kwata, amma magani na kwantar da shi. Mantuwar da baƙin cikin nan da ba dalili, su ma na tafiya tare da shi, kuma akwai likita daban da ka duba damuwar. Anka ce kada a bar ta ita kaɗai, kada a bar ta cikin rana, ta riƙa sa malafa mai faɗi. Nic ce wa Bawa ashe ni ma likita ne tun tuni, farar riga ce kawai ba a ɗinka mini ba.

Sai dai ni maganar Sarkin Ruwa ce ta tsaya mini. Magani zai fara share kunun nan daga kanta. Wa yas san wanda zai riga tashi, mantuwar ko baƙin cikin?

Bawa yak kwaso sauran malafun ɗakin Ige yak kawo mini. Da taz zo neman sabuwa, niy yi awo, mafi gajarta cikin duka, nif fara cibiya gabanta. Sannan nis sauko da tsohuwar malafar Kawu Nomau, wadda ta sha zufar mutum biyu.

Nic ce, "Riƙe wagga kafin in gama taki. Aro ta, ba kyauta ba. Ta mamaci ta, amana gare ni. Ranar kasuwa ki kawo ta in gan ta da idona."

Tas shinshina, tay yamutsa fuska, tac ce, "Baba, wari take awa tsohon bunsuru."

Nic ce, "Shi ya sa ba ki mance ta wa ta."

Na san Ige. Ko da kanta ya zama kunu, ba ta ɗora kayan wani bisa ruwa.

Ranar kasuwa taz zo, malafar Kawu ta rufe mata har gira. Tac ce, "An gama?" Nic ce, "Da saura." Ta gaba, da saura. Wani lokaci in ce kaba ta ƙare, wani lokaci in ce basilla ta ɓace alhali ina zaune bisa ita. Da farko ba ta tuna ta tambaya a baya. Daga baya taf fara cewa, "Haka kac ce waccan kasuwa." Daga baya kuma taf fara zagina, zagi mai kyau, har da kakannina na Sisawa. Bawa na tsaye bayanta shina ɗaga mini babban yatsa. Fuskarta ta yi kumburin magani, ta saɓe. Tana shan ƙwayoyinta, tana komawa Sakkwato lokacin da anka sa mata. Ciwon shi kwanta, shi tashi, shi sake kwantawa. Ni dai nawa aikin guda ne, kada in gama.

Akwai kasuwar da ba ta zo ba. Azahar ta wuce, la'asar ta kusa, sai ga Sarkin Ruwa tafe ta hanyar gulbi da abu ƙarƙashin hammata. Basilla ta shige mini yatsa ban ji ba. Yaz zo yad dire shi gabana. Ƙaton tarwaɗa ne cikin buhu.

Yac ce, "Ige tac ce in kawo maka. Gwiwoyinta sun hana ta tashi yau. Tac ce ka ci ka samu ƙarfi, ko ka gama aikin mutane kafin ka mutu."

Nic ce, "Allah shi isa tsakanina da kai. Ba ka iya ɗauko shi a kai?"

Bayan damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce, wata rana Ige taz zo ba ta tambaya ba. Tam miƙa hannu tas sauko da malafar tata daga ƙusa da kanta, tab busa ƙura, tak kifa a kai. Ba ta shiga ba. Gashi ya dawo, ƙoƙon ya yi mata kaɗan. Tat taɓa kabar bakin, tsagi guda yak karye mata a hannu.

Tac ce, "Baba, wagga ko ka so rufe ta, ba ta rufuwa. Ta bushe."

Nic ce, "In anka jiƙa ta..."

Tac ce, "Bari. Na tuna takalmina jere bakin gulbi. Na tuna abin da yak kai ni. Tun bara nit tuna, kuma na faɗa wa likita, na faɗa wa Yaya." Tam mayar da ita bisa ƙusa, tag gyara mata zama. "Har yanzu akwai safiyar da nika farkawa, duniya ta yi mini toka-toka, ba abin da ka tashe ni daga shimfiɗa sai in ce bari in je in zagi tsohon can. Kada ka gama ta."

Nic ce, "Ni da gama aiki? Kin taɓa ji?"

To kun ji. Yanzu ta koma sayar da irinta ƙarƙashin inuwa, ta san sunan wasunku, ta mance na wasu, wata rana kuma akasin haka. Malafar Kawu Nomau har yau aro ce a kanta.

Ni hannuna ya fara rawa, idona ba shi ganin jan zare sai na kai shi bakin hanci. Cikinku ban san wanda zai zauna rumfar nan bayana ba, ko da caji na waya zai riƙa sayarwa. Ko wane ne, ƙusar nan kada shi cire ta, kabar nan kada shi datse ta don ta yi kyau. Ranar kasuwa shi zauna shi fuskanci hanyar gulbi, yadda kunka ga ina yi kuna cewa gyangyaɗi nike. Mutum biyu ka fitowa ta hanyar nan, kuma ni kullum ina duban wanda zai riga.

In ita ce, za ta tsaya ta ce, "An gama?"

Kun san amsa.